Lissafina da na Baba a shekarar korona

Shekarun baya, a shekarar da korona ta sa aka rufe makarantu, na yi wani lissafi da ya kusa shiga tsakanina da mahaifina. Na daɗe ina son ba ku labarin, sai in fara rubutawa in goge. Yau dai na ce bari in daure in kai ƙarshensa.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a Gwarzo, ban fi shekara guda da aure ba. Maigidana yana aiki a wata jiha, dokar hana tafiye-tafiye ta rutsa da shi a can. Da na ga zaman kaɗaici ba zai yi mini ba, sai na haɗa kayana na koma gidanmu, wani ƙauye a bayan Garo cikin ƙasar Kabo. Ana tsananin zafi, azumi saura 'yan kwanaki.

To, malama ba aji ba ɗalibai, sai waya da rediyo. Kullum da safe zan saurari adadin waɗanda aka ce sun kamu, in rubuta a bayan littafin shirya darasina. Da farko don rage zaman banza nake yi. Amma da na jera alƙaluman na kwanaki, sai na ga abin da nake koya wa 'yan ajina ne yake faruwa a gabana: adadin ba ƙaruwa yake da ɗaiɗai ba, ninkuwa yake yi. Ga kuma labarin da ke zuwa daga cikin birnin Kano, cewa dattawa suna ta rasuwa, yau wane gobe wane. A ƙauyenmu kuwa babu wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Wasu su ce ciwon masu hawa jirgi ne, wasu su ce zafinmu kaɗai ya isa ya kashe shi.

Mahaifina yana da amini guda, wanda duk gidanmu muke kira Alhaji. Tun suna samari suke tare, sun yi kiwo tare, sun yi fatauci tare, kuma shi ya yi mini walicci ranar ɗaurin aurena. Ana saura kwana huɗu azumi yayan Alhaji ya rasu a birni. Alhaji ya samu ya bi ta ɓarauniyar hanya ya je, ya yi kwana uku ana zaman makoki, sannan ya dawo. Da ya dawo kuma mutanen gari suka yi ta tururuwa zuwa yi masa gaisuwa, Baba yana zaune a gefensa a kan tabarma ɗaya, yana taya shi amsawa.

Aka kama azumi. Al'adar gidanmu ce tun ina yarinya, dattawan unguwa su biyar a zauren Baba suke shan ruwa. Ƙwarya ɗaya ta kunu, ludayi biyu suna zagayawa, tire ɗaya na ƙosai, sannan akushin tuwo. Ni nake taya Inna zubawa. Ranar farko da na ga an fita da ƙwaryar nan, sai na tsaya ina bin ludayan da ido.

Washegari da hantsi na zauna a inuwar ɗakin Inna na buɗe littafina. Na ce a ƙaddara Alhaji ya ɗauko ciwon. A ƙaddara kowane mutum ɗaya zai shafa wa biyu, kuma duk bayan kwana biyar abin zai ninka. Na rubuta ɗaya, biyu, huɗu, takwas, na yi ta gangarawa ƙasa. Kafin in kai layin da ya yi daidai da 'yan makonni bayan Sallah, adadin ya doshi rabin mutanen ƙauyenmu. Na sake yi, ya sake ba ni haka. Har da jan layi biyu a ƙarƙashin amsar, kamar mai shirin ba kanta maki.

Kuskuren da na yi shi ne nuna wa yayana. Ya duba ya yi dariya, ya ce, "Ke dai ba kya rabo da neman aiki." Sai kuma ya sake dubawa, dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Yanzu wannan da gaske ne?" Na ce masa hasashe ne, amma ina tsoro. Na roƙe shi ya yi wa Baba magana a kan shan ruwan zaure, tunda shi namiji ne, zai fi jin tasa.

Bai je wurin Baba ba. Majalisarsu ya je ya ba da labari. Kafin la'asar magana ta zaga gari, kuma ta sauya kama. Ni cewa na yi rabin gari za su iya kamuwa. Abin da ya iso kunnen Baba shi ne 'yarsa 'yar boko ta ce rabin gari za su mutu kafin Sallah, kuma Alhaji ne ya kawo musu ajalinsu.

Baba ya aiko a kira ni. Na same shi a tsakar gida, ya ko ƙi zama. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba.

Ya ce, "Ke ce kika fara sanin gaibu a gidan nan?"

Na ce, "Baba, ba haka na faɗa ba. Lissafi ne kawai..."

"Lissafin ran mutane? Mutumin da ya tsaya miki a matsayin uba, yana cikin makokin ɗan'uwansa, shi za ki ɗora wa wannan? Yau a masallaci wani ya janye kafaɗarsa daga tasa. Da idona na gani."

Inna tana bakin murhu, ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji. Ya ce, "Kada in ƙara jin maganar nan," ya juya ya fita. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci da ni irin na ranar ba.

Kwana biyu in na gaishe shi sai ya ce "lafiya" a taƙaice ya wuce. Ni kuma kowace magariba ina tsaye ina kallo ana fita da ƙwaryar kunu, ina jiyo muryoyinsu daga zaure. In wani ya yi gyaran murya sai in kasa kunne. Na rasa abin da ya fi damuna, fushin Baba ko ludayin nan.

A rana ta huɗu ta azumi Alhaji bai zo shan ruwa ba. Aka ce zazzaɓi ne, gajiyar hanya ce ta taso masa. Washegari matarsa ta shigo wurin Inna neman ganyen darbejiya. Ina daga ɗaki na ji tana cewa, "Abin mamaki, Yaya, na turara masa ɗaki ya ce wai ban sa komai ba. Na kai masa miyar kuka har da daddawa, ya ce kamar ruwa yake sha." Na san abin da wannan yake nufi, don na sha jin ana faɗarsa a rediyo. Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna.

Na yanke shawara ko Baba zai kore ni daga gidan sai na faɗa masa. Da safe na zagaya bayan gida inda yake ɗaure shanunsa. Kakanninmu makiyaya ne, kuma duk da noma ya zama sana'ar gidan, Baba bai taɓa rabuwa da 'yan shanu a turke ba. Na same shi yana zuba musu harawa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma Alhaji ya daina jin ƙamshi. Alamar ciwon nan ce."

Bai juyo ba. Ya daɗe yana sosa wuyan wata saniya. Can ya ce, "Na je na duba shi jiya. Na ji yadda yake numfashi." Sai ya juyo. "Je ki ɗauko takardar taki."

Na ruga na ɗauko. Ya zauna a kan wani kututture, na tsuguna a gefe ina karanta masa, ɗaya ya zama biyu, biyu ta zama huɗu. Ya saurara har na kai ƙarshe. Sai ya girgiza kai.

Ya ce, "Lissafinki ba daidai ba ne."

Raina ya sosu, na ɗauka mun koma gidan jiya. Amma ya ci gaba. Ya ce lokacin yana saurayi an yi wata annobar shanu da ake kira bushiya, wadda ta cinye fiye da rabin garken mahaifinsa. Ya ce sun lura ba kowane garke take shiga ba. Ga garke biyu maƙwabta, ɗaya ya ƙare, ɗaya ko tari babu. Da suka bi diddigi sai suka ga mashaya take bi. Duk shanun da suka sha a tafki ɗaya, ko suka lashi kanwa a wuri ɗaya, su take kamawa. Har ta kai tsofaffi suna iya cewa jibi za ta ɓulla a garken wane, kuma ta ɓulla.

Ya ce, "Takardarki ta ɗauka kowa a garin nan yana cuɗanya da kowa daidai wa daida. Ba haka ba ne. Akwai wanda rabonsa da Alhaji tun Sallar bara. Ke kin san ninki, amma ba ki san wa yake ci da wa ba. Juya bayan takardar, ki rubuta."

Na juya. Ya fara lissafowa da yatsunsa. Matar Alhaji da 'ya'yansa biyu da ke gidan. 'Yarsa da ke aure a Masanawa, wadda ta zo gaisuwa ta kwana biyu ta koma. Wanzamin da ya yi masa aski ranar da ya dawo. Mutumin da ya goyo shi a babur daga bakin titi. Dattawa uku da suke shan ruwa a zaure. Kowa ya faɗa sai ya gaya mini ranar da suka haɗu da kuma tsawon zaman da suka yi. Ni kuma ina ƙirga kwanaki, ina sa wa kowa ranar da ya kamata a fara lura da shi.

Da ya gama sai ya ce, "Saura layi ɗaya."

Na ce, "Na wa, Baba?"

"Nawa. Ni na fi kowa zama da shi."

Biron ya tsaya a hannuna. Ya ce, "Rubuta mana." Na rubuta, ina gani dishi-dishi.

A ranar ya soke shan ruwan zaure. Ya sa Inna ta zuba wa kowane dattijo nasa a kwano daban, yayana ya kai musu har gida, tare da saƙon cewa kowa ya zauna a ɗakinsa na 'yan kwanaki, ya rage shiga mutane. Ɗaya daga cikinsu ya dawo da kwanon ko buɗewa bai yi ba, ya ce a gaya wa Baba shi ba mabaraci ba ne, in an gaji da shi a faɗa masa kawai. Baba ya ji, ya haɗiye. Ya kira mijin 'yar Alhaji a Masanawa, ya roƙe shi kada ta fita unguwa, kada kuma ta kusanci surukarta da ke fama da ciwon suga. Ya aika wa wanzami ya ajiye askarsa na mako biyu. Wanzami ya ce to, amma mun ji bai ajiye ba.

Sannan ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure shi kaɗai, ya ce a riƙa ajiye masa abinci a bakin ƙofa. A nan ne Inna ta yi magana. Ta ce, "Malam, shekara nawa ina kai maka abinci hannu da hannu, yau ka ce in ajiye a ƙasa kamar na baƙo?" Ya ce, "Ke ma kina da hawan jini. In na kwanta, wa zai tsaya a gidan?" Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta yi yadda ya ce.

Daga nan sai jira. Ban san wani abu mai wuya kamar jiran ciwo ba. Kowace safiya zan tsaya daga nesa da takunkumi a fuskata in ce, "Baba, an tashi lafiya? Ya jiki?" Ya ce, "Lafiya lau, Malama." Wannan "Malama" ita ce alamar ya huce. Kwana ɗaya, kwana biyu, lafiya lau. Rana ta uku ya ce lafiya lau, amma muryar ba tasa ba ce. Da azahar ya kasa fitowa alwala.

A daidai lokacin jikin Alhaji ya tsananta. 'Ya'yansa suka sa shi a mota za su kai shi asibiti a Gwarzo, kafin su isa rai ya yi halinsa. Ba a yi masa gwaji ba, don haka har yau babu takardar da ta ce ga abin da ya kashe shi. Aka dawo da shi, aka shirya shi kafin la'asar. Hanyar maƙabarta ta ƙofar gidanmu ta bi.

Yayana ya so a ɓoye wa Baba, amma salatin mata ya riga ya iso. Na ga Baba ya dafa bango ya miƙe, ya yafa rawaninsa, zazzaɓi na kaɗa shi. Na tabbata fita zai yi. Na matso na ce, "Baba, don Allah." Bai ko kalle ni ba. Ya taka har bakin ƙofar zaure, ya sa ƙafa ɗaya a waje. Ga mutane sun taho ɗauke da makara. Ya tsaya a nan, hannunsa a jikin ƙyaure, ya bi su da ido har suka sha kwana. Leɓɓansa suna motsi. Sannan ya mayar da ƙafarsa ciki ya turo ƙofar. Na zauna a ƙasa a wurin na fashe da kuka.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Akwai wata ƙawata ma'aikaciyar jinya, ita nake kira. Ta ce in riƙa ƙirga numfashin Baba a minti ɗaya, ta gaya mini adadin da in ya wuce shi, kada mu tsaya shawara, mu ɗauke shi zuwa asibiti. Sai in tsaya a bakin tagar zaure da agogon wayata, ina kallon ƙirjinsa yana hawa da sauka, ina ƙirgawa. Safe, azahar, la'asar. Akwai yinin da ya rage kaɗan ya kai adadin, har yayana ya kawo mota ƙofar gida ya bar ta a kunne. Baba ya ƙi ajiye azumi sai da liman ya aiko masa da magana. Da ya fara shan ruwa da magani a kan lokaci, sai zazzaɓin ya soma sassautawa. Ana saura kwana shida Sallah ya leƙo ta taga ya ce wa Inna wai wa ya ƙona albasa. Inna ta saki ludayi ta hau hamdala, don ta gane hancinsa ya dawo.

Yanzu ga yadda lissafin ya kaya. Rabin garin da na yi hasashe, ko kusa ba a kai ba. Alhamdu lillahi ban taɓa jin daɗin faɗuwa jarrabawa irin wannan ba. Har yau akwai matan da in na je gida suke tsokanata da "Malama rabin gari", ni ma in taya su dariya. Takardar Baba kuwa ta fi tawa kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. Matar Alhaji ta kwanta ta tashi. 'Yarsa ta Masanawa ta yi zazzaɓi na kwanaki, amma surukarta ba ta kamu ba. Cikin dattawa uku biyu sun yi jinya, har da wanda ya dawo da kwano, kuma duk sun warke. Wanzami ko ciwon kai bai yi ba, ya yi ta yawo yana cewa ai ya gaya mana. Sai kuma wata tsohuwa a ƙarshen gari da ba ta cikin takardar kowa, ita ma ta rasu a makon da irin wannan numfashin. Har yau ba mu san ta inda ya je mata ba.

Na sha tambayar kaina, shin hasashena ne ya yi kuskure tun asali, ko kuwa rufe zauren ne ya hana shi tabbata? Ba ni da amsa, kuma na gane duk mai irin wannan aiki haka yake kwana. In mutane sun ji gargaɗi sun kiyaye, abin bai faru ba, sai a ce ka tsorata su a banza. Na kuma koyi cewa adadi in ya fita daga bakinka ba naka ba ne, kowa zai ɗauke shi ya kai inda ya ga dama. Da na san haka, da ban bari sunan Alhaji ya fita tare da lissafina ba. Ya yi kwanakinsa na ƙarshe yana jin ana nuna shi, kuma ni na jawo. Na je na nemi gafarar matarsa bayan ta fita takaba. Ta ce babu komai, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Baba yana nan da ransa, ya ƙara tsufa. Ba ma yawan tayar da maganar. Sau ɗaya kawai, wata rana muna zaune da yamma, na ce masa ai shawarar da ya yanke ta ceci mutane. Ya ce, "Wataƙila. Amma shekara hamsin muna tare da mutumin nan, ban ɗauki makararsa ba, ban zuba masa ƙasa ba." Muka ci gaba da zama har aka kira magariba.